Ɗan Diffa, ina kake a cikin takardarka ta neman aiki?



Duk ranar da wata ƙungiya ko wani kamfani ya manna sanarwar ɗaukar ma'aikata a garin Diffa, kafin magariba hoton sanarwar ya gama zaga wayoyin mutane. Washegari sai ka ga layi a wajen masu fotokopi, kowa da ambulan a hannu. A ciki akwai takardar haihuwa, takardar shaidar ɗan ƙasa, kaziye na kotu wanda bai wuce wata 3 ba, kofen diploma da aka buga wa hatimi, katin ANPE, da CV. Sai kuma takarda guda wadda a Faransanci ake ce wa lettre de motivation, wato inda mai nema zai faɗi dalilin da ya sa yake ganin ya dace da aikin. Kusan duk sauran takardun wani ofishi ne ya rubuta su a kanka. Wannan ce kaɗai inda aka ba ka dama ka yi magana da bakinka. Ita ce kuma muka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Ƙanne maza da mata da suka gama jami'a sukan kawo mini irin waɗannan takardu in duba musu, kuma wallahi kamar uwa ɗaya ta haife su. Ana buɗewa da dogon roƙo na neman alfarmar shugaba. Daga nan sai: ni matashi ne mai kuzari, mai son aiki, mai iya zama da mutane, mai jure wahala. Sai a rufe da gaisuwa mai layi uku. In ka rufe sunan da yatsa, ba za ka iya cewa mai takardar ɗan Diffa ne ko ɗan Dosso ko ɗan Dakar ba. A da, daga wajen wani yaya ake kwafowa a canza suna da kwanan wata. Yanzu ChatGPT ake cewa ya rubuta, sai ta fito sumul babu kuskure ko ɗaya, babu kuma mai ita a ciki. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Ra'ayina a nan shi ne: babbar asarar da ɗan Diffa ke yi a takardarsa ita ce yana goge Diffa daga cikinta. Abin da ya fi kowa sani, shi yake ɓoyewa, sai ya je yana gasa da ƴan Yamai a fagen da suka fi shi, wato gogaggen Faransanci da sunayen manyan ofisoshi.

Na san amsar da za ku ba ni: to ai ba mu da gogewa, kowace sanarwa shekara 2 ko 3 na aiki take nema, mu kuwa jiya muka fito. Bari mu tsaya a kan wannan maganar, don ita ce tushen komai.

Wanda ke karɓar lisans a ƴan shekarun nan yana ɗan firamare ne ko farkon kwaleji ranar 6 ga Fabrairu 2015, lokacin da Boko Haram ta kai hari Bosso da Diffa. A watan nan aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar. Aka hana hawa moto, ƴan kabu-kabu suka rasa abin yi. Aka hana cinikin kifi da na tattasai, aka sa ido a kan taki da man fetur. A watan Mayu na shekarar aka kwashe mutanen tsibiran Tafkin Cadi. A watan Yuni 2016, bayan harin Bosso, dubban iyalai suka watsu suka kafa bukkoki a bakin babbar hanya ta RN1. Sai 2017 aka sake buɗe cinikin tattasai, kamun kifi kuwa sai 2019. A 2019 ɗin da 2022 kuma Komadugu ta yi ambaliya ta ci gonaki da gidaje. A cikin wannan kuka yi karatu har kuka kai inda kuke.

To ina tambaya: a duk waɗannan shekaru, hannu kuka naɗe? Akwai wanda tun yana ɗan shekara 15 yake tayar da injin ban-ruwa a gonar tattasan mahaifinsa, ya san lokacin dashe, ya san alamar cuta a ganye, ya san yadda ake shanya da cika buhu, ya san yadda faɗuwar naira ke cinye ribar manomin da zai sayi mai da sefa. Akwai wadda gidansu ya sauki iyalai biyu ko uku na ƴan gudun hijira, ita ce ke raka matan asibiti tana fassara tsakaninsu da likita. Akwai wanda ya kwana yana cika buhunan yashi a bakin kogi, ya haɗa samarin unguwa ya raba musu aiki. Akwai wadda ta koyar da yara karatu a rumfa lokacin hutu. Akwai wanda ke riƙe da littafin kuɗin adashin mata ko na ƙungiyar manoma shekara da shekaru ba a taɓa rasa dala ba. Akwai wanda ya yi aikin tattara bayanai da waya na kwana goma a Shetimari ko Geskeru, har ya manta da shi don ba a ba shi takardar shaida ba.

Duk wannan aiki ne. Babu albashi a ciki, babu hatimi, amma aiki ne, kuma shi ne ainihin abin da masu ɗaukar ma'aikata a nan ke buƙata. Mu ne muka raina shi, don kullum muna ganinsa. Ido wa ka raina? Wanda nake gani yau da gobe.

Ku ɗauki maganar harshe kaɗai. A jihar nan ana jin Barbarci, Fulatanci, Hausa, Tubanci, Larabci da yaren Buduma. Yaro ɗan Diffa na iya tashi da uku daga cikinsu ba tare da ya taɓa zama aji don su ba. Amma a takardarsa sai ya rubuta Faransanci: madalla, Ingilishi: kaɗan-kaɗan, harsunan gida kuwa ko dai ya bar su, ko ya jefa su a layin ƙarshe kamar abin kunya. Alhali ma'aikacin da aka turo daga Yamai, tafiyar kilomita sama da 1,300, in ya sauka ƙauye a bakin Komadugu ba zai iya tambayar tsohuwa ko jikanta ya sha magani ba sai da tafinta. Ke da za ki zauna kan tabarma ki gaisa da ita da harshenta, ki gane abin da ta faɗa da wanda ta ƙi faɗa, ke ce aikin ke nema. A watan Maris 2025 kundin da ƙasar nan ke tafiya a kansa ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Kowa na da ra'ayinsa a kan wannan, amma ko ba komai ya isa ya tuna mana cewa harshen uwa ba abin ɓoyewa ba ne a takardar neman aiki.

Wani zai ce me ya kawo gaggawar wannan magana yanzu? Kasuwar ce ta ƙuntata. Shekaru goma da suka wuce ƙungiyoyin agaji ne manyan masu ɗaukar matasa a jihar nan. A farkon 2025 Amurka ta datse mafi yawan kuɗin tallafin da take bayarwa a duniya, a shekarar ce kuma ƙungiyar Red Cross ta ƙasa da ƙasa ta rufe ofisoshinta a Nijar. Gurabe sun ragu, masu nema sun ƙaru, har da waɗanda suka yi shekaru suna aiki aka sallame su. Ga man Agadem ana haƙo shi a ƙasarmu ta Ngurti, ana tace shi a Damagaram tun 2011, tun 2024 kuma yana bin bututu na kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar teku a Benin, amma kowa ya san yawan ƴan jihar da ke zaune a fada da diploma a aljihu. A irin wannan hali, mai karanta takardu yana da tuli a gabansa da lokaci kaɗan. Takarda ta arba'in da ta ce "ni matashi ne mai kuzari" ba za ta tsayar da idonsa ba.

To yaya za a rubuta? Ni dai ga abin da nake faɗa wa duk wanda ya zo wajena.

Da farko, karanta sanarwar sau biyu da biro a hannu. Ja layi a ƙarƙashin abu uku da suka fi nanatawa. Takardarka amsa ce ga waɗannan abubuwa uku, ba tarihin rayuwarka ba, don tarihin yana cikin CV. Kuma kada a rikita ta da takardar buƙata ta hannu, wadda ake manna wa tambur in ana neman aikin gwamnati ko shiga gasar ɗaukar ma'aikata. Waccan tana da tsayayyen tsari, a bi shi yadda yake. Wannan kuwa taka ce.

Shafi ɗaya ya isa. A sakin layi na farko faɗi aikin da kake nema, da lambar sanarwar in akwai, da karatun da ka gama. Layi biyu ko uku, shi ke nan. A na biyu kawo hujja biyu ko uku, kowace da wuri, da lokaci, da abin da ya fito. A na uku nuna ka san wurin da kake nema da yankin da za a tura ka. Sai ka rufe da cewa a shirye kake a kira ka, da gaisuwa ɗaya ta ladabi.

Sakin layi na biyun nan shi ne zuciyar takardar, don haka bari in ba da misali. A ce wata ta gama lisans a fannin noma a Jami'ar Diffa, tana neman aikin malamar gona a wani shiri na taimakon manoman rani. Za ta iya rubuta: "Ina da ƙwazo da sha'awar ci gaban karkara." Za ta kuma iya rubuta: "Don kundin ƙarshen karatuna na yi wata 3 ina bin gonakin tattasai 20 a bakin Komadugu, na yi hira da masu su da Barbarci da Hausa, na rubuta kuɗin da kowa ke kashewa a mai da taki daga dashe zuwa tsinka. Na tashi a gidan manoma, na san aikin injin ban-ruwa da hannuna." Ta farko kowa na iya faɗinta. Ta biyu mutum ɗaya ne kawai zai iya, kuma tana ba mai karantawa abin da zai tambaye ta ranar ganawa. Ko da Faransancin ta biyun ya ɗan yi tuntuɓe, ita za a tuna.

Ban ce a yi sakaci da Faransancin ba fa. Kuskuren rubutu a layin farko na iya sa a ajiye takarda. Rubuta da kanka, sannan ka ba wani malami ko yaya ya gyara, ko ka sa na'ura ta duba maka nahawu. Gyara ne aikinta. Ba ta san ka kwana a bakin kogi a 2022 ba, ba ta san sunan kasuwar da kake kai buhu ba, in ka bar mata alƙalamin za ta cike gurbin da kalmomi masu daɗi marasa nauyi.

Akwai iyaka uku da nake so mu kiyaye.

Ta farko, ƙarya. Kada ka ce ka yi shekara 2 a wurin da ka yi sati 2. Diffa ƙaramin gari ne, masu aikin nan duk sun san juna, kiran waya ɗaya ya isa. Kada ka ce kana jin Fulatanci alhali gaisuwa kawai ka iya, don ranar ganawa ana iya juya maka harshe. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Sati 2 na gaskiya da ka bayyana da kyau ya fi shekara 2 na ƙage.

Ta biyu, bara. Na sha ganin takardun da ke cewa ni maraya ne, ƙannena takwas, mun baro ƙauyenmu ba mu da komai, ku taimake ni don Allah. Ciwon gaskiya ne, ban raina shi ba. Amma mai ɗaukar aiki ba sadaka yake rabawa ba, yana neman wanda zai ɗora wa nauyi ne. In ka yi gudun hijira, abin da zai amfane ka a takarda shi ne abin da ka koya: ka san yadda ake rajista, ka san inda rabon kaya ke samun matsala, mutanen sansani sun yarda da kai. Wannan ƙarfi ne, a rubuta shi da sunan ƙarfi.

Ta uku, sirrin mutane. A yankin da har yanzu tsaro bai gama zama ba, kada ka sa sunan wani mutum, ko labarin abin da ya sami wata mata, ko bayanin da zai jefa wani ƙauye cikin zargi, don kawai ka ƙawata takarda. Ba ka san hannun da za ta faɗa ba. Faɗi aikin da ka yi, ka bar mutanen da rufin asirinsu.

Yanzu ga babbar magana, wadda na san tana bakin da yawa daga cikinku: malam, duk wannan ɓata lokaci ne, kafin a manna sanarwa an riga an san wanda za a ɗauka, mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Ba zan ce muku ƙarya kuke yi ba. Akwai wannan, kowa ya gani. Amma ba kowane gurbi ne aka sayar ba. In ana neman masu tattara bayanai talatin, ko da an cusa goma, ashirin ɗin sai an nemo waɗanda za su iya aikin, don akwai wanda zai amsa tambaya in aiki ya lalace. Kuma duk ranar da muka ce takarda ba ta da amfani muka aika kwafi, mun ba masu cusa nasu hujja a hannu: mun duba, ƴan gari ba su cancanta ba. Takarda mai ƙarfi ba ta kashe son kai, amma tana sa ya yi wuyar ɓoyewa. Kuma abin da ka tsara a takarda shi ne za ka faɗa a ganawa, shi ne za ka faɗa wa mai shago ko ƙungiyar manoma ko wanda za ka nemi jari a wajensa. Wahalar ba ta faɗuwa ƙasa.

A nan kuma in ja kunne: aikin gaskiya ba a sayensa. Duk sanarwar da ta ce a tura kuɗi ta waya kafin a duba takardunka, damfara ce. Ƴan uwa mata, duk wanda ya ce ki same shi a wani wuri da ba ofis ba don a yi maganar takardunki, ba aiki yake nufi ba. Ki adana saƙon, ki faɗa wa wanda kika yarda da shi.

Nauyin ba a kan matasa kaɗai yake ba, don haka ga namu kiran ga masu ɗaukar ma'aikata a jihar nan, na gwamnati da na ƙungiyoyi da na kamfanoni. A daina neman shekaru na gogewa a ƙananan guraben da horon sati ɗaya ya isa. A sa jin harsunan yankin cikin sharuɗɗa, a ba shi maki, a kuma gwada shi a ganawa. A bar neman kaziye da kofe mai hatimi tun a matakin farko, a nemi su daga waɗanda aka zaɓa kawai, don yaron da ke zaune babu aiki bashi yake ci ya haɗa ambulan, kaziyen kuma bayan wata 3 ya mutu sai an sake wani. A bi da sanarwa ta ANPE da gidajen rediyon gari, a ba da lokacin da ɗan Ngigmi da ɗan Gudumariya da ƴar Maine-Sorowa za su ji su kuma kawo nasu. Duk wanda ya yi muku aiki, ko na kwana biyar ne, a ba shi takardar shaida. Sannan a manna sakamako, ko da jerin sunaye ne a bango. Shirun nan da ake yi wa mutane shi ne ke haifar da zargi.

Jami'ar Diffa, wadda aka kafa a 2014, ita ma tana da rawar takawa. Ɗalibin da ya yi shekara 3 yana nazarin ƙasa da ruwa da tsirran yankin nan bai kamata ya fita bai taɓa rubuta takardar neman aiki ko ɗaya an gyara masa ba. Zama biyu ko uku a shekarar ƙarshe sun isa. Yayyenmu da ke aiki, ku ma kada taimakonku ya tsaya a tura wa ƙane tsohuwar takardarku ya canza suna. Ku zauna da shi rabin awa ku tambaye shi me ya yi a rayuwarsa. Za ku sha mamaki.

Ga abin da nake roƙon kowa ya gwada kafin sanarwa ta gaba ta fito. Ɗauki farar takarda, ka rubuta da harshen da kake tunani da shi, Barbarci ne ko Hausa ko Fulatanci, duk wani aiki da ka taɓa yi wanda wani ya dogara da kai a kansa: a gona, a kasuwa, a asibiti, a masallaci, a makaranta, a bakin kogi. Gaban kowanne sa wuri, da shekara, da yawan mutane ko kaya in ka tuna daidai. Ajiye wannan jerin, daga cikinsa za ka riƙa zaɓo biyu ko uku da suka dace da kowane aiki. In ka gama takardar, rufe sunanka ka ba abokin da ya san ka ya karanta. In ya ce wannan ai wane ne, to ka rubuta. In bai gane ka ba, koma ka sake.

Allah ya buɗa wa kowa, ya zaunar mana da jiharmu lafiya.